Allon siminti a banɗakin bene: sai an shafa maganin hana ruwa kafin a manna tayil?

Baban Walid ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawarar waɗanda suka san gini, musamman masu tayil, domin ranar Asabar mai tayil ɗina zai kama aiki, ni kuwa har yanzu hankalina bai kwanta ba.

Gidana yana Rijiyar Zaki a Kano, bene ne. Lokacin da aka zuba dekin, shekara shida ke nan, banɗaki ɗaya tal aka fitar a sama, can ƙarshen baranda. Yanzu yara sun tasa, kullum da safe sai an yi layi da rigima kafin a tafi makaranta. Shi ne uwargida ta ce a yankar mata wani lungu na ɗakinta a mayar da shi banɗaki. Ɗakin yana da girma, muka yanki mita 2 a tsawo, mita ɗaya da rabi a faɗi. Ni da bulo na so a yi, kamar yadda kowa yake yi, amma wanda ya duba mana ginin ya hana. Ya ce babu bim, wato ginshiƙin kankare na kwance da yake ɗauke da dekin, a ƙarƙashin wurin, kada a ɗora wa tsakiyar dekin nauyin bulo da filasta. Shi ya kawo shawarar a kafa firam na ƙarfe a rufe shi da allon siminti, kuma haka aka yi. Yanzu bango biyu na bulo ne na asali, biyu kuma allo ne mai kaurin milimita 12 da na saya a Ƙofar Ruwa. Shawa za ta zauna daidai kusurwar da allo ya haɗu da allo, don ta nan fayif ya fi sauƙin hawowa.

Ga inda gizo yake saƙar. Na tambayi mai tayil ko akwai abin da za a shafa wa allon kafin ya fara, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, siminti ne fa. Yaushe ruwa ya taɓa cin siminti?" Don ya gamsar da ni ma ya ɗauki guntun allon ya jefa a bokitin ruwa, ya ce in duba bayan kwana uku. Na duba, gaskiya bai kumbura ba, bai rududduge ba, yana nan garau. Ya ce tayil da farin siminti sun isa su tare ruwa, sauran duk ɓarnar kuɗi ce ta masu kallon bidiyo a waya.

Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne, ɗakin da yake ƙarƙashin banɗakin nan na Hajiya mahaifiyata ne, kuma bara na yi mata silin na POP. Na taɓa ganin abin da ruwan banɗaki ya yi wa gidan da na yi haya a Gwammaja kafin in tare a nan: fenti ya yi ta kumbura yana ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa a bango, ɗaki yana warin danshi ko da rani. Wannan fa bangon bulo ne. Idan irin haka ta sauka a kan gadon Hajiya, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

To, shin allon siminti da kansa yana tare ruwa, ko sai an shafa masa wani abu? In sai an shafa, mene ne, kuma har ina za a kai? An riga an ɗaura allon ta cikin banɗakin, ta ɓangaren ɗaki kuwa ba a rufe ba tukuna, ana ganin ƙarafan da fayif. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kurna ya amsa:

Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka wahalar da kanka. Ka sayi baƙin fentin kwalta galan ɗaya, a shafe allon da ƙasan sau biyu, ka shimfiɗa leda a bayansa tun da ba a rufe ba, shi ke nan. Mu haka muka yi wa gindin tankinmu kuma ba ya yoyo.

Malam Ado mai tayil ya amsa:

Alhaji, shekarata 19 ina manna tayil a garin nan, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da abokin sana'ata ba zai ji daɗi ba. Bai yi maka ƙarya ba da ya ce ruwa ba ya lalata allon. Amma ba tambayar da ka yi masa ya amsa ba. Tulun ƙasa ma ruwa ba ya narkar da shi, shekara da shekaru yana nan, amma taɓa gindinsa ka ji, kullum a jiƙe yake. Allon siminti ɗan'uwan tulu ne. Yana sha, yana riƙewa, yana miƙa wa abin da yake bayansa. Abin da yake bayansa a wurinka kuwa ƙarfe ne, da sukurori, da dekin, da silin ɗin Hajiya.

Maganar tayil da farin siminti kuma, fuskar tayil kam ruwa ba ya ratsa ta. Amma layin da yake tsakanin tayil da tayil fa? Farin simintin nan yana shan ruwa tun ranar farko, in ya kwana biyu kuma yana tsattsagewa, musamman a kusurwa. Ka ƙara da yadda muke amfani da banɗaki a nan. Ba irin na Turai ba ne da mutum zai shiga akwatin gilashi ya fito sauran wurin a bushe. Mu da bokiti muke sheƙa ruwa, a yi alwala sau biyar, a wanke wa yara jiki, wani lokaci har wanki a ciki. Banɗakin mace mai yara ba ya bushewa sai tsakar dare.

Ɗan Kurna, ka yi haƙuri, kwalta a fuskar allo ba ta yi ba. Gam ɗin tayil ba ya kama kwalta. In zafin Afrilu ya zo ta yi laushi, tayil ya fara sulmiyowa. Na taɓa zuwa gyaran irin wannan a Hotoro, da hannu muka riƙa ɓanɓaro tayil kamar ana ɓare gyaɗa. Gindin tanki daban, bangon da zai ɗauki tayil daban.

Abin da za ka nema shi ne maganin hana ruwa wanda aka yi musamman don a manna tayil a kansa. Masu shago suna ce masa wotafuruf, amma sunan nan ya yi wa abubuwa da yawa jam'u, don haka ka karanta jikin robar da kanka. Iri biyu aka fi samu. Akwai mai zuwa kashi biyu, gari a buhu da ruwa kamar madara a jarka, a haɗa a dama a shafa da burushi. Akwai kuma wanda yake zuwa a dame a bokiti kamar fenti mai kauri, in ya bushe ya zama kamar roba. Kowanne ka samu, ka tabbata mai ɗan miƙewa ne, saboda bangon allo yana motsi kaɗan-kaɗan, ba kamar bulo ba. Garin nan da ake zubawa cikin kwaɓin filasta wai don hana ruwa, shi ba zai yi maka aikin nan ba, kada a sayar maka da shi a madadin wancan.

Wani abu kuma, tambayi mutuminka da me zai manna tayil ɗin. In ya ce siminti da yashi zai kwaɓa ya riƙa ɗora wa bayan tayil dunƙule-dunƙule kamar yadda muke yi a bangon bulo, to ka tsayar da shi. A kan allo da maganin ruwa sai gam na buhu, a shafa da cokali mai haƙora yadda bayan tayil zai kwanta gaba ɗaya babu rami. Kuma da gam ba a jiƙa tayil a ruwa. Yaranmu da yawa hannunsu ya saba da jiƙawa, sai ka tsaya a kansu.

Injiniya Sharaɗa ya amsa:

Malam Ado ya gama magana a kan allon. Ni inda nake so in ja hankalinka, Baban Walid, shi ne ba tsakiyar allo ne yake kashe mutane ba. Ruwa mai neman hanya ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A aikinka akwai tsaga tun kafin a fara: inda allo ya haɗu da allo, inda allo ya haɗu da tsohon bangon bulo, inda allo ya sauka a kan dekin, da duk ramin da mai famfo ya huda. Wanda ya fi tsorata ni shi ne gindin allon. Duk ruwan da ya gangaro daga bango da wanda ya kwanta a ƙasa, nan yake taruwa, kuma nan ne ƙarfen firam yake kwance an huda dekin an ɗaure shi.

Kafin ka sayi komai, ɗauki tef ka shiga ka auna. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe na tsaye kada ya wuce santimita 40, in ya wuce bangon zai riƙa lanƙwasa idan aka jingina, layin tayil ya tsage. Sukurori kuma kusan kowace santimita 20, kuma waɗanda ba sa tsatsa, ba baƙaƙen nan na silin ba. Kan sukuru ya kwanta daidai da fuskar allo, kada ya nutse ya fasa ta. Tsakanin allo da allo a bar ɗan fili kamar milimita 3, a ƙasa kuma kada allon ya zauna daram a kan dekin, a ɗaga shi kamar milimita 6 don kada ya riƙa zuƙo ruwa daga ƙasa kamar lagwani. In an riga an dire shi a ƙasa, ana iya yanke gindin. Mai yankan ya sa takunkumi, ƙurar allon nan ba ta da kyau ga huhu.

Mahaɗar alluna ana cike ta da gam ɗin tayil, a kwantar da tef mai raga a kai, irin wanda siminti ba ya cinyewa, a shafe. Kowane kan sukuru ma a shafe shi. A kusurwoyi da gindin bango kuwa, akwai wani ƙyalle mai faɗin tafin hannu da ake sayarwa tare da maganin. Ana shafa magani, a kwantar da ƙyallen rabi a bango rabi a ƙasa, a sake shafewa. Shi ne yake riƙe wurin idan allo ya motsa dekin bai motsa ba. Mutane suna tsallake shi don ba a ganinsa bayan an gama, alhali shi ne rabin aikin.

Ƙasan banɗakin: a fara fitar da gangara zuwa rariya da siminti da yashi, wajen santimita 2 a kowace mita, a bar shi ya bushe, sannan a shafa magani a kansa. Kada a shafa a kan dekin a kwance sannan a ɗora gangara a sama kawai, domin ruwan da ya ratsa zai kwanta a ƙarƙashi ba shi da hanyar fita. Maganin ya shiga har cikin bakin rariyar, ya kuma zagaye fayif mai inci 4 na masai sosai, don ramin nan ne yake kallon ɗakin Hajiya kai tsaye. Dokin ƙofa ma a ɗan ɗaga shi a shafe.

Tsayi kuwa, a wurin shawa a kai aƙalla mita 1.8, ko ma a wuce kan shawar. Sauran bango a ɗaga santimita 15 daga ƙasa shi ne mafi ƙaranci. Amma banɗakinka ƙarami ne, ruwan bokiti ɗaya zai taɓa ko'ina, ni da nawa ne alluna biyun nan gaba ɗaya zan shafe har sama, bangon bulon ma in kai shi tsayin kafaɗa. Shafi biyu, na farko a kwance, in ya sha iska na biyu a tsaye, don inda burushi ya tsallake a na farko na biyu ya rufe.

Ledar da Ɗan Kurna ya ce a sa a baya, a bar ta. In ka toshe allo gaba da baya, ɗan danshin da ya shiga ba shi da inda zai bi ya fita. Ɗaya ake zaɓa, kuma na fuska ya fi.

Lokacin da muke ciki ma ka lura da shi. Hunturu ne, in ka share allo da safe kafin azahar ƙura ta sake kwanciya, magani kuwa ba ya kama ƙura. A goge da soso mai ɗan danshi dab da za a shafa, a rufe taga. Mai kashi biyun yana son a ɗan jiƙa masa wuri, in ba haka ba allon da iskar nan za su shanye ruwansa kafin ya kama, ya yi ta tsagewa. Na bokiti kuma busasshen wuri yake so. Abin da aka rubuta a jikin wanda ka saya shi za ka bi, ba abin da lebura ya ce ya saba ba, kuma kada a ƙara masa ruwa wai don ya auka.

Gwajin bokitin da aka yi maka, juya shi. Yanke gindin robar ruwa, ka kafa ta a kan guntun allon, ka zagaye da silikon, ka cika ta da ruwa, ka ɗora allon a kan bulo biyu ya kwana. Da safe ka kira mai tayil ku leƙa ƙasansa tare.

Maman Ilham ta amsa:

Ni ba magini ba ce, amma ni ce wadda ta zauna a ƙasan irin wannan banɗakin, a gidan haya a Tarauni. Shekara ɗaya babu komai. A ta biyu wani ɗan tabo ruwan ƙasa ya fito a silin, mai gida ya ce damina ce, alhali akwai bene a samanmu. Aka yi fenti, ya dawo. Ranar da POP ɗin ya ɓallo da asuba, Allah ya taimaka a kan sif ya faɗo ba a kan yara ba. Da aka fasa sama, ƙarafan gindin bangon duk sun zama tsatsa, ana taɓawa suna marmashewa. Wata biyu na sama suna saukowa wanka wurinmu. Alhaji, ka ɗaga Asabar ɗin nan, tayil ba ya gudu.

Baban Walid ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ilham, maganarki ce ta sa na kira mai tayil tun daren jiya na ce a dakata.

Injiniya, na yi gwajin robar. Da safe ƙasan allon ya yi duhu, zagaye guda daidai faɗin robar har ya ɗan fi, in ka shafa hannu ka ji sanyin danshi. Mai tayil ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Ikon Allah." Ban ƙara masa ko kalma ba, yaron kirki ne, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa wannan ne karonsa na farko a kan allo, duk aikinsa a bulo yake. Gam ma bai yi niyyar amfani da shi ba, yashi har ya sa an kawo.

Na auna kamar yadda ka ce. Ƙarafan suna kan santimita 40, alhamdu lillahi, amma sukurorin baƙaƙe ne, kuma allon a dire yake a kan dekin babu ko filin da allura za ta shiga. Kafintan zai dawo gobe ya canza sukurori ya yanke gindin. Ya ɗan yi ƙunƙuni, na ce zan biya shi yinin.

Saura tambaya biyu. Ta yaya zan san maganin ya kama kafin a rufe shi da tayil, tunda in an rufe an rufe ke nan? Sannan ɓangaren ɗaki da ba a rufe ba, in sa a rufe yanzu ko in jira?

Malam Ado mai tayil ya sake amsawa:

Kada ka rufe, Alhaji, wannan buɗaɗɗen bayan shi ne idonka. Ka fara sa mai famfo ya toshe bakin fayif-fayif ya saki ruwa daga tanki ya kwana a ciki, ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Yoyon fayif a cikin bango babu maganin da zai tare shi. Tun da a buɗe yake kuma, a ƙara ƙarfe a kwance inda za a rataye abin wanke hannu da hita, don allo shi kaɗai ba ya riƙe nauyi. Duk ramin da za a huda a huda shi yanzu kafin shafi, ba bayan an gama wani ya zo da drila ba.

Idan an shafa magani ya bushe iya kwanakin da aka rubuta a jikinsa, sai ka toshe rariya, ka tare bakin ƙofa, ka zuba ruwa ya kai kamar santimita 5. Ka ja layi da fensir daidai bakin ruwan, ka bar shi awa 24, in ka iya haƙuri ka kai 48. Iskar hunturu za ta sha kaɗan, don haka ajiye faranti mai ruwa a gefe shi ma ka yi masa alama. In sun ragu daidai, iska ce. In na ƙasa ya fi raguwa, akwai inda yake bi. Ka riƙa zagayawa ta ɗaki kana haska gindin ƙarafan da tocila, ka sauka ka duba silin ɗin Hajiya, musamman saitin fayif ɗin masai.

In ya ci jarrabawa, a kwashe ruwa a bar shi ya bushe, a shimfiɗa kwali kafin yara su shiga da takalmi da bokitin gam, don tsinin tayil ɗaya in ya faɗi zai huda maganin. A kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa kuma kada mai tayil ya cika da farin siminti, silikon na banɗaki za a sa.

Baban Walid ya sake rubutawa:

An shafa na biyu ranar Talata. Mai kashi biyun na samu, da ƙyallen kusurwa, sai da na shiga shago huɗu kafin in sami ƙyallen, wani ma cewa ya yi bai taɓa jin sunansa ba. Jiya bayan la'asar muka tare ruwa. Yau da safe layin fensir da na faranti sun tafi daidai, gindin ƙarafan a bushe. Hajiya dai ta gaji da ni, ta ce wai me nake nema a silin ɗinta da tocila tun asuba. Zan bar ruwan har gobe da yamma, mai tayil kuma ya ce Litinin zai zo da cokali mai haƙoran, aro zai yi wurin wani abokinsa a Kabuga.